Warin banɗaki ya hana mu sakat tun shigowar hunturu, fanka zan saya ko me?

Maman Sadik ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin aikin famfo da gini ku taimaka min da shawara.

Muna haya a wani bene a wajen Hotoro, nan Kano. Hawa uku ne, mu ne a tsakiya, akwai mutane a ƙasanmu akwai a samanmu. Cikin damina muka tare, kuma a lokacin ban ji komai ba sai ɗan warin danshi, da baƙin fumfuna da ya fito a kusurwar silin ɗin banɗakin ɗakina. Tun da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Nuwamba abu ya canza. Wani wari ne ke tasowa, ba na fitsari ba, ba kuma na rashin wanki ba, domin ni kam ba na wasa da wanke banɗaki. Warin kwata ne, wani lokaci har da na ruɓaɓɓen ƙwai. Da rana yakan lafa. Da asuba kuwa, in na buɗe ƙofa zan yi alwala sai na toshe hanci.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne banɗakin baƙi da ke falo. Babu mai shigarsa sai in an yi baƙi, tsaf yake, amma shi ya fi kowanne wari. Ba shi da taga ko kaɗan. Na ɗakina yana da 'yar ƙaramar taga da ke kallon wani siririn lungu tsakanin gidanmu da katangar maƙwabta, inda bututan gidan suka bi. Sannan manyan kyankyasai sun fara fitowa, kuma duk sanda na sama suka kora ruwa sai in ji rariyarmu tana ƙara, ƙulu-ƙulu.

Kullum ina wankewa da Hypo da Izal. Na zuba kafur a rariya da bayan masai. Turaren wuta kuwa har na gaji da sakawa, ƙamshin da warin ne suke haɗuwa su sa min ciwon kai. A ɗakin nan nake salla, a nan jaririna yake kwana, ga surukata za ta zo ta yi mana kwanaki, kuma banɗakin falon ne za ta yi amfani da shi. Baban Sadik ya yi wa mai kula da gidan magana, ya ce wai haka gidajen bene suke. Wani mai gyaran wuta ya ce in sayi fankar da ke zuƙe iska ta fitar waje, za a fasa bango a saka. Kafin mu kashe kuɗi a gidan da ba namu ba, ina so in sani: fankar za ta kawar da warin nan? In kuma ba za ta kawar ba, ta ina zan fara?

Dattijon Famfo ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki ajiye kuɗin fankar tukuna. Bayanin da kika yi ya isa mutum ya gane inda matsalar take ko bai taka gidan ba, kuma ba haka gidajen bene suke ba. Gidan da aka yi wa aikin famfo daidai ba ya wari ko hawa goma ne.

Duk wani rami da ruwa ke fita ta cikinsa a banɗaki, da masai, da besin ɗin wanke hannu, da rariyar ƙasa, bututunsa yana tafiya ne har camba, wato ɗan ramin nan mai murfi da bututai ke haɗuwa a waje, daga nan zuwa sokawe. Bututun da ke kai ruwa ƙasa shi ne kuma ke iya kawo iskar sokawe sama. Abin da ke tare ta ruwa ne kawai. Ana lanƙwasa bututun yadda ruwa kaɗan, kamar inci 2, zai riƙa zama a cikin lanƙwasar ko yaushe. Mu muna ce masa tiraf. Ruwan da kike gani kwance a ƙasan masai, aikinsa ke nan. Muddin ruwan nan yana nan, iska ba ta wucewa, kyankyaso ma ba ya wucewa cikin sauƙi. Ranar da ya ƙafe, ɗakinki da sokawe sun zama a haɗe.

To ki duba abin da kika faɗa da bakinki. Da damina ba wari, da hunturu ya zo wari ya zo. Iskar hunturu a Kano busasshiya ce ƙarau, wanki ma kafin ki juya ya bushe. Haka take shanye ruwan tiraf. Banɗakin da ake shiga kullum yana samun sabon ruwa, wanda ba a shiga kuwa sai ya ƙafe. Shi ya sa na baƙin ya fi wari duk da ya fi tsafta. Yawancin rariyoyin ƙasa da ake sakawa yanzu masu araha ne, wani ɗan murfi ne kife a kan ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ba. Wasu ma murfin ya daɗe da ɓata, an cire shi garin fitar da gashi ba a mayar ba. Wasu kuwa tun wajen gini ba a saka komai ba, gwiwar bututu kawai aka haɗa aka rufe da tayil.

Batun asuba ma yana da dalili. Cikin dare gari ya yi sanyi, amma cikin sokawe da ɗumi. Iska mai ɗumi sama take yi. Ga ƙofofi da tagogi a rufe saboda sanyi da ƙura, sai ta taru har ki zo ki buɗe.

Ga abin da za ki yi yau, ba sai kin kira kowa ba. Ki ɗauki tocila ki cire marfin kowace rariya ki haska. In kin ga ruwa kwance yana ƙyalli, akwai tiraf. In kin ga rami baƙi ƙirin ya tafi, ko dai ya bushe ko babu shi. Ki zuba rabin bokiti ki sake haskawa. In ruwa ya tsaya, bushewa ya yi, maganinsa kuma ki riƙa zuba ruwa duk bayan kwana biyu ko uku har hunturu da bazara su wuce. In za ku yi tafiya ki ɗiga cokali ɗaya na man girki a kai, yana rage ƙafewar. In kuwa kin zuba ruwan ya wuce fit ba abin da ya tsaya, babu tiraf a wurin. Ki cika leda da ruwa, ki ɗaure, ki ɗora a bakin rariyar ta kwanta ta rufe shi ruf. Ki kwana ki ji da asuba.

Daga nan ki leƙa ƙarƙashin besin. Sau da yawa za ki tarar da farar tiyo mai lanƙwashewa an cusa ta cikin bututun bango a miƙe, ga giɓi a zagaye da ita. Ta nan ma iska na fitowa. Ki lanƙwasa tiyon ta yi ciki ƙasa yadda ruwa zai zauna, ki ɗaure ta, ki naɗe giɓin da leda da salatif kafin mai gyara ya zo ya saka na gaske. Sai masai. Ki kama shi ki ɗan girgiza. In yana motsi, ko kin ga danshi a bayansa inda ya haɗu da bututu, robar wurin ta saki, sai an canza.

Ƙarar da kike ji in na sama sun kora ruwa ita ce ta fi damuna. Idan ruwa mai yawa ya gangaro cikin babban bututu mai inci 4, yana jan iska a bayansa. Shi ya sa ake miƙa kan bututun har ya wuce rufin gida a bar shi a buɗe, ya shaƙi iska daga sama. In ba a yi masa wannan ba, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki ya toshe, to daga rariyarki zai ja, kamar yadda ake zuƙo fetur da tiyo, ya tafi da ruwan tiraf ɗinki. Irin wannan ko kin zuba ruwa da yamma, kafin safe ya tafi. Ki ce wa maigidanki ya shiga lungun nan ya ɗaga kai ya bi babban bututun da ido, ya ga inda ya ƙare. Ya duba murfin camba ma ko ya fashe.

Nas ɗin Unguwa ta amsa:

Maman Sadik, Baba ya gama magana a kan bututu, ni jaririn nan ne ya tsaya min a rai. Don Allah yau ɗin nan ki kwashe kafur ɗin nan ki fitar da shi daga gidan. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, abin yana da yawa a yankinmu na Afirka ta Yamma, kuma ya fi kama maza. Irin waɗannan yaran, sinadarin da ke cikin kafur yana farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, ko da shaƙa suka yi ko a kaya ya taɓa jikinsu, sai ki ga shawara ta kama yaro, ido ya yi ɗorawa. Iyaye da yawa ba su san ɗansu yana da shi ba sai abin ya faru. Ga 'yan rarrafe da ke ɗauka su kai baki. Kada ki saka shi a akwatin kayan jariri ma.

Na biyu, magungunan wanki. Kowanne ki yi amfani da shi shi kaɗai, ki ɗauraye sosai kafin ki zuba wani. Bilic irin su Hypo da Jik in ya haɗu da mai wanke masai mai asid, iskar kulorin ce ke tashi, tana ƙona ido da maƙogwaro da huhu. A banɗakin da ba taga abin ya fi haɗari. Mata da yawa suna haɗawa don a ganinsu zai fi ƙarfi, sai tari ya turnuƙe su a ciki.

Turaren wuta ba na ce ki daina ba, amma kar ki bar kasko da garwashi a rufaffen ɗaki jariri na kwance. Hayaƙin gawayi yana da gubar da ba ta da wari. Ki turara ɗakin yaron yana falo, ki buɗe taga, sannan ki dawo da shi. Ciwon kan da kike ji ma ina zargin haɗuwar hayaƙin ne da magungunan da iskar kwatar. Fumfunan silin kuma a goge shi, yana tayar wa masu asma da ciwonsu.

Hajiya Iya ta amsa:

Ni dai tun farko ban ga hikimar kai masai cikin ɗakin kwana ba. A gidanmu na cikin birnin Zariya makewayi yana can ƙuryar gida, sama a buɗe, rana na dukansa iska na ratsa shi, a zuba toka a rufe ramin da faifai, shi ke nan. Yanzu an ɗauko shi an ajiye kusa da gado an rufe da siminti ta ko'ina. Amma tunda haka zamani ya zo, 'yata ki samu kananzir ko baƙin mai ki zuba a rariyar, yana kashe wari da kyankyaso. Allah Ya raya yaran.

Dattijon Famfo ya amsa:

Hajiya, ranki ya daɗe, maganarki ta farko gaskiya ce, makewayin da ba rufi iska ce ke masa aiki kyauta. Amma kananzir da baƙin mai kam a yi haƙuri a bar su. A sokawe akwai iskar da ke kama wuta, ita ba ta ma da wari, in aka ƙara mata tururin kananzir ko fetur, ashana ɗaya ko guntun sigari ya isa murfin ya tashi. Kuma ƙwayoyin halittar da ke cinye ƙazanta a ciki su ne ke hana shi saurin cika. Mai yana kashe su, yana toshe ƙasar da ke tsotse ruwan, daga nan ya gangara rijiyoyi da burtsatsen unguwa. Yawan antaya maganin kashe ƙwayoyi ma ba ya yi wa sokawe daɗi. Tunda maganar ta zo, kowa ya ji: kada a bar yaro ko lebura ya shiga sokawe ko ya zura kai don dubawa. Iskar mai warin ƙwai in ta yi yawa hanci yana daina jin ta, mutum ya faɗi a ciki, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. An sha rasa rayuka ta haka.

Injiniya Ƙarami ya amsa:

Baba, da izininka zan ɗan kare fanka, don kar Anti ta ɗauka ba ta da amfani sam. Na yarda ɗari bisa ɗari a fara da tiraf. Dabara ce tsohuwa, tun 1775 wani mai ƙera agogo, Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu a Landan, kuma har yau ba a samo abin da ya fi ruwan nan ba. Zan ma ƙara da cewa in aka saka fanka alhali rariya a bushe take, warin ƙaruwa zai yi. Fanka tana fitar da iska, dole wata iskar ta shigo ta maye gurbinta. In ƙofa a rufe take ruf, ta ina za ta shigo? Ta rariya, kai tsaye daga sokawe.

Amma Anti ta ambaci abu biyu da tiraf ba zai gyara ba: fumfuna a silin, da banɗakin da ba taga. Wannan aikin iska ne. Tururin ruwan wanka, musamman yanzu da kowa ke wanka da ruwan zafi, yana kwanciya a bango da silin. Damina in ta dawo abin zai fi haka. Kuma warin da mutum ya bari bayan ya fito, in ba hanyar fita, falo zai nufa.

In za a saka, ga abin da zan kula da shi. A ƙa'idar gini ta Ingila, fankar banɗakin wanka ta iya fitar da aƙalla lita 15 na iska a daƙiƙa ɗaya, wato mita kubik 54 a awa. Banɗaki mai tsawon mita 2, faɗin mita 1.5, tsayin mita 3, iskarsa mita kubik 9 ce, ke nan za a sauya ta sau 6 a awa. Ana rubuta wannan adadin a jikin kwali, a duba kafin a biya. Mai inci 6 ta wadatar da irin banɗakunanmu, kuma wutar da take ci kaɗan ce, yawanci wat 15 zuwa 30, ba ta kai fankar silin ba, ƙaramar inbata ma tana ɗaukarta.

Babban kuskuren da nake gani shi ne a huda silin POP a maƙala fanka, ba bututu ba komai. Tana kaɗawa, tana ƙara, kowa ya ɗauka aiki take, alhali cikin silin take tura danshin, daga can ya bi ya sauko ɗakin kwana ko ya ruɓar da katako. A gidan Anti ma da ke tsakiyar bene, saman silin ɗin dakin ne, wato simintin da na sama ke takawa, ba inda iskar za ta je. Dole bakin ya fita waje, ta bango kai tsaye ko ta bututu gajere marar yawan lanƙwasa. Kada kuma wani ya ce zai haɗa ta da bututun iskar masai don sauƙi.

A sayi mai marfin da ke rufe kansa in an kashe, in ba haka ba ramin zai zama ƙofar ƙura da sauro. A bar giɓin kamar santimita 1 a ƙasan ƙofar banɗaki don iskar ɗaki ta riƙa shiga. A kafa ta sama, nesa da feshin shawa, makunnin kuma ya zauna a waje kusa da na fitila. Bayan wanka a bar ta ta yi minti 15 zuwa 20. Da hunturu a riƙa goge fukafukan, ƙura tana rage mata ƙarfi sosai.

Ɗan Haya ya amsa:

Ni ta ɓangaren mai gidan haya zan yi magana, don na zauna a gidaje da dama a Kaduna da Abuja. Kada ku fasa bango ko tayil sai da izininsa, kuma izinin ya zama a rubuce, ko da saƙon waya ne. In ba haka ba ranar tashi za a ce kun ɓata gida. Ku tambayi na sama da na ƙasa, da wuya a ce ku kaɗai ke jin warin. In kuka je ku uku, da hoton abin da ya lalace da kiyasin mai gyara a hannu, maganar ta fi shiga fiye da a ce kawai "gidan na wari". Gyaran babban bututu da sokawe na mai gida ne. In ya ce ba kuɗi yanzu, ku yi yarjejeniya ku gyara a cire a kuɗin haya na baɗi. Ku nemi lambarsa shi da kansa, mai kula da gida ba kullum yake isar da saƙo ba.

Maman Sadik ta sake rubutawa:

Jama'a Allah Ya saka da alheri, Ya biya ku. Anti Nas, kafur ya bar gidan tun ranar da na karanta, na kuma faɗa wa ƙanwata da ke zuba shi a kayan jaririyarta.

Baba, ga abin da na gani. Rariyar banɗakin baƙi na haska, rami ne kawai. Na zuba ruwa ya wuce, ba abin da ya tsaya. Na ɗora ledar ruwan kamar yadda ka ce, wallahi da asuba na fito falo ban ji komai ba, har na buɗe banɗakin na tsaya a ciki. Tiyon besin ɗin ma a miƙe take, da na kai hannu wurin giɓin har iska na ji tana fitowa. Na naɗe shi.

Na ɗakina kuwa rariyar tana riƙe ruwa, amma na lura in na sama suka kora ruwa sai ya ragu. Warin ya yi sauƙi amma bai tafi ba, kuma na gane in na buɗe 'yar tagar nan ya fi ƙarfi, ni da nake barin ta a buɗe dare da rana don iska ta shiga. Baban Sadik ya shiga lungun. Ya ce babban bututun daga masan na sama ya fito da gwiwa ya gangara, bai miƙe zuwa rufi ba. Sokawen kuma a cikin lungun yake, an kafa masa wani ɗan bututun iska da ya ƙare ƙasa kaɗan da tagarmu. Matar ƙasa ta ce su tun da suka zo ba su taɓa buɗe tagar kicin ɗinsu ba saboda haka. Mun yi magana da su da na sama, za a je wurin mai gidan tare. Me za mu ce a yi takamaimai, don kar a kawo wanda zai shafa siminti ya tafi? Kuma rariyar da ba tiraf, dole sai an fasa ƙasa?

Dattijon Famfo ya amsa:

Madalla 'yata, kin yi rabin aikin da kanki. Tagar ɗakinki ki rufe ta tukuna har a yi gyara, ki riƙa barin ƙofar banɗakin da tagar ɗaki a buɗe da rana.

Aiki biyu ne a lungun, dukansu ba fasa gini a ciki, bututun roba ne da gam da maɗauri da tsani. Na farko, a cire gwiwar da ke saman babban bututun a saka mai baki uku, a ɗora bututu ya miƙe har ya wuce rufin. Wannan zai kashe ƙarar da kike ji, ruwan tiraf ɗinki kuma ya zauna. Na biyu, ɗan bututun sokawen a ƙara masa tsawo shi ma ya bi bango ya wuce rufi. Ma'aunin da ake bi a Ingila shi ne in akwai taga da ba ta wuce nisan mita 3 daga bututun ba, bakinsa ya ɗara ta tsawo da santimita 90. Kada ku yarda a ce za a toshe shi kawai, iskar za ta nemi wata hanya, kuma banɗakunanku ne hanyar. A kan kowanne a ɗaura raga don sauro da ƙuda da ƙadangare, a bar iska tana wucewa. In bututun baƙi ne ko an shafa masa baƙin fenti inda rana ke dukansa, ya fi jan iska sama. Da wannan dabarar ake yin masan rami mai bututu da aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970. Tunda za a shiga lungun, a duba murfin camba da na sokawe, inda ya tsage a liƙe, in kuma ya cika a kira motar kwasa.

Rariyar banɗakin baƙi, gyaran gaske shi ne a ɗaga tayil ɗaya ko biyu a saka rariya mai tiraf mai zurfi. A bene sai an yi hankali, wani lokaci kaurin simintin ƙasan ba ya ba da wuri. In haka ne a saka tiraf ɗin a waje, a jikin bututun inda ya fito bango kafin ya gangara. Akwai kuma wata roba da ake zurawa a bakin rariya, tana buɗewa in ruwa ya zo ta rufe in ya wuce, ki auna faɗin ramin a tambaya a shagunan kayan famfo. Tana tsufa, gashi na maƙale mata, amma za ta riƙe ku har surukarki ta zo ta tafi. Kafin a samu, ledar ruwan ta ci gaba da zama, a ɗaga in za a yi wanka a mayar.

Fankar da Injiniya ya yi bayani, ku saka ta a banɗakin baƙi bayan an gama waɗannan, kafin damina. Ranar aikin kuma kar a sallami mai gyara sai kin tsaya a banɗakinki da tocila a kan rariya, a ce wa na sama su kora ruwa sau biyu a jere. In ruwan bai motsa ba kuma ba ki ji ƙara ba, a biya shi.